Mai Hoto Na Biyu: Wa Ya Ɗauko Mana Tarihin Cikin Gida?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da waɗanda dama sun fi son su karanta a nitse.

Kafin mu shiga, ga ɗan aiki. In kun koma gida yau, ku roƙi Umma ko Inna ta nuna muku hotunan bikinta. In an yi sa'a akwai su, ku duba da kyau. Galibi abin da za ku gani bai wuce iri biyu ba. Na farko, maza sun jeru a ƙofar gida da manyan riguna, ango a tsakiya. Na biyu, ango da amarya a situdiyo, bayansu labule mai zanen furanni, wanda sau da yawa ma sai bayan biki da kwanaki aka je aka ɗauka. To ina kamu? Ina sa lalle? Ina lokacin da aka kai ta gaban mahaifinta yana yi mata nasiha tana kuka? Ina tsohuwar da ta yi mata wanka? Babu. Kuma fa duk an yi su, an kwana ana yi. Mai kyamarar ne bai wuce zaure ba.

Zancenmu na yau ke nan: tarihin mai hoto na biyu, wato wanda ake turawa inda babban mai hoto ba zai iya zuwa ba.

Na taɓa yin wannan aikin, shi ya sa abin ya zauna mini a rai. Shekarun baya, ina zaman jiran sakamakon jarrabawa, na bi wani mai hoto a matsayin yaronsa. Aka ba mu aikin wani biki, ango ɗan Birnin Kudu, amarya 'yar Gwaram. Oga ya ce shi zai tsaya wajen ɗaurin aure da walimar maza, ni in riƙe ƙaramar kyamara in je gidan su amarya. Na isa da ɗokina, na yi sallama a zaure. Sai wata dattijuwa ta leƙo, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ɗan nan, ina zuwa?" Na ce, "Baba, mai hoto ne." Ta ce, "Mai hoton ba namiji ba ne? Mata sun ajiye mayafai, ka tsaya nan."

Na yi tsaye kamar an dasa ni. Guɗa na tashi a ciki, ni ina waje ina kallon takalman mata. Da na ga yini zai tafi a banza, na roƙi a kira mini ƙanwar amarya, yarinya 'yar sakandare. Na nuna mata inda za ta leƙa da inda za ta danna, na miƙa mata kyamarar ina addu'ar kada ta faɗi. Ku riƙe wannan yarinyar a ranku, za mu dawo kanta.

Abin da ya tuno mini da ita shi ne wani karatu da na yi kwanan nan kan yadda ake auren Yahudawa masu riƙo da addininsu, irin waɗanda ke zaune a unguwannin New York da Landan da sauransu. Yauwa, ba siyasa muka zo yi ba, al'adar aure muke dubawa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, masu hoton da ke aiki a irin wannan biki suna fama da irin matsalar da ta tsayar da ni a zauren Gwaram. Shi ya sa da wuya mutum ɗaya ya iya ɗaukar bikin shi kaɗai.

Ga yadda abin yake. A gidaje da yawa, ango da amarya ba sa ganin juna tsawon mako guda kafin ranar, kuma sukan wuni da azumi ranar auren. Biki na farawa ne a ɗakuna biyu a lokaci guda. A ɗaya, amarya na zaune kan kujera ta musamman, mata na zuwa suna gaishe ta. A ɗayan, ango na zaune a teburi da maza, ana waƙoƙin addini, kuma a nan ne shaidu biyu ke sa hannu a takardar aure da suke kira ketuba, wadda ke ɗauke da haƙƙoƙin da mijin ya ɗaukar wa matarsa. Kun ga ke nan, in mai hoto ɗaya ne, dole ya zaɓa: ko fuskar amarya, ko sa hannun shaidu. Yawanci babba kan tsaya wajen amarya, na biyu ya tafi teburin ango.

Daga nan sai maza su rako ango zuwa wajen amarya, ya dube ta, ya sauke mata lulluɓi a fuska. Daga cikin dalilan da suke bayarwa akwai labarin da ke littafinsu, cewa an lulluɓe wa Annabi Yakubu Lai'atu a maimakon Rahila, don haka ango ya gani da idonsa tukuna. Wannan kallon bai fi ƙiftawar ido ba, kuma fuska biyu ce ke kallon juna. Kyamara ɗaya bayan wani kawai za ta samu. Sai a fita ƙarƙashin wata rumfa mai ƙafa huɗu da ake kira huppa, ango ya sa wa amarya zobe a gaban shaidu, a karanta ketuba, a yi addu'o'in albarka guda bakwai. A ƙarshe ango ya taka kofin gilashi ya fasa, don tunawa da rushe babban wurin ibadarsu na Kudus da Rumawa suka yi a shekara ta 70 miladiyya. Taku ɗaya ne, ba a maimaitawa. Ɗaya na kan ƙafar ango, ɗaya na kan fuskokin iyaye.

Sannan sai rawa. A wajen masu tsananin riƙo, ana kafa shamaki a tsakiyar zauren taro, maza a gefe, mata a gefe. Iyalai da yawa kan nemi mace ce ta ɗauki ɓangaren mata, kuma ta yi shigar mutunci irin tasu. Akwai ma inda kyamara ba ta shiga sam: bayan an sauko daga rumfa, ango da amarya kan keɓe a wani ɗaki na 'yan mintoci, shaidu na tsaye a bakin ƙofa. Ba a kuma yin biki ranar Asabar ɗinsu, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar. Yahudawan Maroko da na Yaman kuwa har daren lalle gare su.

Ku faɗa mini gaskiya, wannan bai yi muku kama da wani wuri da kuka sani ba? Maza a waje da waliyyi da wakili da shaidu, ana ambaton sadaki, ana raba goro da alewa. Mata a ciki da lalle da turare da guɗa. Amarya a lulluɓe, sai an yi sayen baki, sai an yi buɗar kai. Addini daban, tarihi daban, amma biki mai ɗaki biyu ne nan da can.

Ga wani abu daga tarihinsu da ya kamata ya sa mu tunani. A tsohon birnin Alƙahira akwai wani wurin ibadar Yahudawa mai suna Ben Ezra. Suna da al'adar ƙin yar da takardar da ke da sunan Allah, sai su tara ta a wani ɗaki. Ɗaruruwan shekaru suna zubawa. A 1896 zuwa 1897 wani malami mai suna Solomon Schechter ya kwashi guntayen takardu sama da 190,000 daga ɗakin ya kai Jami'ar Cambridge. A ciki aka tarar da takardun aure masu yawa, wasu haɗe da jerin kayan da amarya ta shigo da su: riguna, mayafai, zobba, shimfiɗu, kwanuka, kowanne da kimarsa. Da wannan jeri ne masana suka gano irin suturar da amaren Alƙahira ke sawa kusan shekara dubu da ta wuce. Mu fa? Wa zai iya lissafa mini abin da ke cikin lefen kakarsa, ko irin jeren da aka yi mata? Shekara sittin ce kawai, amma ya ɓace mana.

To bari mu dawo gida, mu fara tun kafin kyamara.

'Yan Birnin Kudu sun san duwatsun nan da ke kewaye da gari: Dutsen Mesa, Dutsen Habude, Dutsen Murufu. A jikinsu akwai tsofaffin zane-zane, mafi yawa na shanu. Ku lura, shanun da aka zana ba su da tozo, alhali shanun da muke gani a ƙasar nan yau masu tozo ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka daɗewar zanen. A tsakiyar shekarun 1950 wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya zo ya yi nazarinsu ya ɗauki hotunansu. A watan Yunin 1955, a nan Birnin Kudu, aka fara rubuta bayanin duwatsu masu amo, waɗanda in ka buga su da ƙaramin dutse suke ƙara kamar ƙararrawa. Daga nan ne masana suka shiga neman irinsu a sauran ƙasashe. Yau waɗannan wurare suna cikin jerin kayan tarihin ƙasa.

Ina ruwan wannan da biki? Akwai. Cikin abin da masu binciken suka rubuta har da cewa Dutsen Murufu na da alaƙa da aure, amare kan je can lokacin bikinsu. Duk wanda ya san tsohuwar al'adarmu ta gudun amarya, inda takan ɓuya da ƙawayenta sai an nemo ta an kamo ta, ba zai yi mamaki ba. Ku ɗan tsaya ku yi tunani: amare nawa suka zauna a inuwar dutsen nan? Ba mu da fuskar ko ɗaya. Shanun sun samu mai zana su, amaren ba su samu ba. Abin da ya rage shi ne 'yan ramukan da duka ya bari a jikin dutse, da ɗan bayanin da baƙo ya rubuta.

Kyamara kuwa a 1839 aka bayyana ta ga duniya a birnin Paris. Ba ta jima ba ta iso gaɓar tekun Afirka ta Yamma ta jiragen ruwa. Kafin ƙarshen ƙarnin, 'yan ƙasa sun karɓi sana'ar. Jonathan Adagogo Green na Bonny shi ya ɗauki sanannen hoton nan na Oba Ovonramwen na Benin a 1897, lokacin da Turawa suka kama shi za su kai shi gudun hijira. A Legas kuma George Da Costa ya buɗe situdiyonsa a 1895.

A Arewa, kyamara da Turawan mulki ta shigo. Sun ci Kano da Sakkwato a 1903, layin dogo ya iso Kano a 1911. Ku duba hotunan wancan zamani, me ke ciki? Sarakuna, dawaki, ganuwa, kasuwa, dalar gyaɗa. Hawan dabar da aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, da wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Duk abin waje ne. Da sana'ar ta zama ta kasuwa, da yawa daga masu situdiyon farko baƙi ne daga Kudu da ke zaune a Sabon Gari. Kun ga matsala biyu ke nan a kan mutum ɗaya: ga shi namiji, ga shi baƙo. A garin da mata ke kulle, ta ina zai bi ya ga sa lalle? Ga kuma saɓanin malamai kan hukuncin hoto, wanda ya sa gidaje da yawa ba sa ma son a zo da shi.

Shi ya sa mafi kyawun abin da muke da shi kan bikin kakanninmu mata, ba da kyamara aka ɗauke shi ba, da alƙalami ne. A 1949 wani masani ɗan asalin Jamaika, M. G. Smith, ya zo ƙasar Zazzau bincike. Ya zauna da sarakuna da hakimai da manoma, daga baya ya fitar da littafinsa kan sarautar Zazzau a 1960. Amma shi ma a zaure ya tsaya. Matarsa, Mary Smith, ita ta shiga ciki. A garin Giwa ta haɗu da wata tsohuwa da ake kira Baba, mutuniyar ƙauyen Karo, wadda aka haifa wajen 1877. Suka yi makonni suna zama, Baba na ba da labari da Hausa, Mary na rubutawa. Baba ta yi aure huɗu a rayuwarta, ta ga na wasu ba adadi, ta bayyana yadda ake kamun amarya, da lalle, da wanka, da kai ta ɗaki, da matsayin ƙawa, da abin da kishiya ke ji. Ta rasu a 1951, littafin Baba of Karo ya fito a 1954, ba ta gan shi ba.

Wallahi in ka tambaye ni, Mary Smith ita ce babbar mai hoto ta biyu a tarihin ƙasar Hausa. Aikin na mijinta ne, ita rakiya ta yi. Amma yau duk mai son sanin yadda mace Bahaushiya ta rayu kafin zuwan Turawa da bayansa, littafin 'yar rakiyar yake nema.

Kuma ba a nan kaɗai na biyu ya taɓa shiga gaban na farko ba. A Bamako ta ƙasar Mali, a 1955, wani Bafaranshe mai shagon hoto, Gérard Guillat, ya ɗauki wani saurayi Bafulatani mai suna Malick Sidibé aiki. Ogan ya riƙe manyan tarukan Turawa da na hukuma, ya riƙa tura yaron bukukuwan 'yan gari: aure, suna, rawar samari da 'yan mata. Aikin da ake ganin ƙarami ne. Malick ya yi ta zagaye gari dare da rana, daga baya ya buɗe nasa shagon. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Venice saboda aikin rayuwarsa. Ogan fa? Yau in ka ji sunansa, to labarin yaronsa ake bayarwa. Me Malick ya fi shi da shi? Ba kyamara ba ce. Shi ɗan gida ne, ana sakin jiki a gabansa.

A garuruwanmu irin su Birnin Kudu da Gwaram da Sara da Basirka, ba biki ne ya fara kawo mai hoto ba, takarda ce. Hoton fasfo na tafiya Hajji, na makaranta, na neman aiki. Birnin Kudu na kan babbar hanyar da ta fito daga Kano, ga kwalejin gwamnati da ta yaye manyan mutane irin su Aliko Ɗangote, ga asibiti, ga ma'aikata. Inda ɗalibai da ma'aikata suke, nan mai hoto ke samun abinci. Daga fasfo aka koma hoton sallah, daga nan aka fara kiransa biki.

Amma ku tuna, zamanin fim ne. Nadi ɗaya hoto 24 ne ko 36. Mai hoto ba ya ganin abin da ya ɗauka sai an wanke, kuma wankin mai launi sai an kai babban gari. In haske ya shiga fim, shi ke nan, bikin ya tafi. Don haka kowane danni da lissafi ake yinsa, kuma wanda ya biya kuɗi shi ke cewa a ɗauki wane. Wa ke biya? Ango da abokansa. Shi ya sa albam ɗin iyayenmu ya cika da abokan ango.

A lokacin ne aka fara dabarar yaro. Mai hoto zai zo da ɗan ƙaramin yaronsa wanda bai balaga ba, wanda babu mai hana shi shiga cikin gida, a rataya masa kyamara a ce ya danna sau uku ya fito. Irin waɗannan hotunan ne za ka gani a karkace, an yanke kan wata, wata ta rufe fuska da gefen zane tana dariya. Masu sana'a kan ce sun lalace. Ni kuwa a wurina sun fi na situdiyo daraja, domin a cikinsu ne za ka ga tsakar gida yadda take: turmi, randa, kwanukan jere a bango, irin ɗaurin ɗankwalin shekarar.

Sai bidiyo ya zo. Fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, aka ƙirƙiro jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, kuma cikin shekarun nan kaset ya shiga gidaje. Biki ma ya fara sauya kama. Aka fara fitar da wani ɓangare na shagalin mata daga tsakar gida zuwa fili ko zauren taro, inda mai bidiyo zai iya tsayawa. A nan akwai abin lura: maimakon kyamara ta shiga inda biki yake, biki ne ya fito inda kyamara take. Abin da ya fito kuwa shiryayye ne, an yi kwalliya domin a gani. Na cikin ɗaki, nasihar uwa da kukan rabuwa, yana nan inda yake.

Mata masu riƙe kyamara su ne suka fara cike wannan giɓi. A Gana tun tsakiyar shekarun 1950 Felicia Abban ta buɗe situdiyonta a Akara. A Arewacin Najeriya an daɗe kafin a ga irin haka a fili, amma yanzu muna da irin su Aisha Augie, da Fati Abubakar wadda tun 2015 take ɗaukar rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno. A ƙananan garuruwa ma ana samun 'yan mata da ake kira musamman don ɓangaren mata. 'Yan uwana mata da ke sauraro, wannan kasuwa ce da namiji ba zai taɓa ƙwace muku ba, komai tsadar kyamararsa.

To sai ga waya. Layukan salula sun fara aiki a Najeriya a 2001, bayan 'yan shekaru kowace waya ta zo da kyamara. Yau a gidan biki babu mai hoto na biyu, akwai na hamsin. Matsalar kakanninmu ita ce ba a ɗauka. Tamu ita ce ba a san inda abin da aka ɗauka zai kwana ba. Kowa a cikinmu ya san labarin matar da ta ajiye mayafi tana rawa cikin 'yan uwanta mata, washegari ta wayi gari tana yawo a TikTok, maza na sharhi a ƙasa. Akwai auren da irin wannan ya girgiza. Akwai iyayen da yanzu sai sun sa a karɓe wayoyi a bakin ƙofa kafin a fara kamu.

A da ina jin haushin dattijuwar nan ta Gwaram. Yanzu na gane ba ƙiyayyar hoto ce ta sa ta tsayar da ni ba. Ta san cewa matan da ke ciki sun saki jiki ne domin sun amince babu idon baƙo. Ita mai gadin wannan amincin ce. Haka shaidun nan biyu da ke tsaye bakin ɗakin ango da amarya a bikin Yahudawa. Kowace al'umma da ta san darajar aure tana da ƙofar da take cewa kyamara ta tsaya nan. Wanda aka bari ya wuce kuwa, amana aka ba shi.

Bari in ƙarasa muku labarin yarinyar. Da yamma ta fito mini da kyamarar. Yawancin hotunan sun girgiza, wasu duhu, wasu silin kawai ta ɗauka. Oga ya gani ya yi tsaki, ya ce na ɓata masa aiki. Amma a ciki akwai guda ɗaya. Amarya na zaune a bakin gado a lulluɓe, kakarta ta riƙe hannunta mai lalle da hannu biyu, bakinta a buɗe tana faɗa mata wani abu. Ba wadda ta kalli kyamara, domin wa zai damu da ƙanwa tana wasa da abu a kusurwa? Muka kai wa ango hotuna, ya zaɓi nasa na manyan riguna. Da aka shigar wa amarya, wannan ta ce a wanke mata babba. Na ji daga baya cewa tsohuwar ba ta ga zagayowar shekara ba, kuma wannan ne kaɗai hotonta da suke da shi.

Ni aka biya kuɗin aikin ranar. Yarinyar ko sunanta ban tambaya ba, kuma har yau abin na damuna.

Don haka ga roƙona guda uku. Na ɗaya, in an ɗauke ka ko an ɗauke ki a matsayin mai hoto na biyu, kada a ji an raina ku. Ku san tsarin bikin tun kafin ranar, ku tambayi uwar biki me ake ɗauka me ba a ɗauka, ku yi shiga irin ta mutanen gidan, ku bar babba ya yi fama da jera mutane, ku ku nemi hannaye da fuskokin tsofaffi. Na biyu, hoton cikin gida na masu gida ne. Kada ya hau intanet, ko da don tallar aikinku ne, sai waɗanda ke ciki sun ce to. Na uku, ku je ku nemo tsohon albam ɗin nan da ke ƙarƙashin akwati kafin gara da damina su gama da shi. Ku ɗauki kowane hoto da waya, ku zauna da Inna ta faɗa muku sunan kowa, ku rubuta a bayansa da shekarar. Abin da ba a ɗauka ba kuma, ku kunna rikoda ku tambaye ta: wa ya kama ki, wa ya yi miki wanka, me aka zuba a lefe, me Baba ya ce miki a zaure? Abin da Mary Smith ta yi ke nan, kuma ita sai da ta koyi Hausa tukuna. Ku da ita aka haife ku.

'Yan Birnin Kudu da Gwaram, musamman ku nake jira. In akwai tsohuwa a gidanku da ta san zancen zuwan amare Dutsen Murufu, ko ta ji daga bakin uwarta, don Allah ku zauna da ita cikin makon nan, ku turo mana abin da ta ce in ta yarda.

Nan za mu dakata. Allah ya ba amare da angwaye zaman lafiya, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.